Mai Sayarwa Ba Ya Biya Kafin Ya Karɓa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Ɗanbatta ran Lahadi ya san yadda a ke cinikin sa. Mai dabba ya kan kawo ta kara, ya danƙa wa dillali igiya. Mai saye ya zo ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya taya. In tayi bai kai ba a ce albarka, in ya kai a sallama. Sa'an nan a ƙirga kuɗi a gaban mutane, mai sa ya karɓi nasa, dillali ya ɗauki la'adarsa, kowa ya kama gabansa. Tun kaka da kakanni haka a ke yi. Ba a taɓa jin ranar da dillali ya ce wa mai sa ya fara kawo kuɗi tukuna kafin a nuna masa mai saye ba. Da wani zai faɗi haka a kara, da yara ma sun yi masa dariya.

To, abin da ba ya yiwuwa a kara, yau ga shi yana yiwuwa a cikin wayar hannu. Mutane sun fara tallan gonakinsu da fulotansu da kasonsu na gidan gado a Facebook da WhatsApp da sauran dandalin intanet, inda mai taya ba shi da fuska, dillali kuma ba shi da rumfa. A can ne wata irin zamba ta sami gindin zama, wadda ba mai saye ta ke nema ba, mai sayarwa ta ke farauta. Abin da mu ke so mai karatu ya riƙe daga wannan magana tamu guda ɗaya ne, watau a kowane ciniki na gaskiya kuɗi daga hannun mai saye su ke fitowa su tafi hannun mai sayarwa. Duk ranar da ka ga an juya wannan hanya, an ce kai mai kaya ka fara biya, to, ka tabbata ɓarawo ne ke magana da kai.

ABIN DA YA SAMI MUTANEN AMURKA

Kada wani ya ce wannan sai baƙauye wanda bai yi boko ba. Bari mu ba da labarin waɗanda suka riga mu faɗawa cikin ramin, masu ilmi ne kuwa da dukiya.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani irin ciniki da ya fara yaɗuwa tun wajen 1963. Kamfani ya kan gina gidajen hutu a bakin teku ko a kan duwatsu, sa'an nan ya sayar da ɗaki guda ga mutane da yawa, kowa da makonsa a shekara. Shekara tana da mako 52, saboda haka ɗaki ɗaya ya kan iya samun masu shi kusan hamsin, wannan ya fita wancan ya shiga, kamar rabon kwana. Mu kira shi gidan karɓa-karɓa. Ranar saye abin da daɗi. Amma kowace shekara sai mai kaso ya biya kuɗin gyara da kula da gida, ko ya je ko bai je ba, kuɗin nan kuwa kullum hawa su ke yi. Idan tsufa ya zo, ko hali ya sake, mutum ya so ya rabu da kasonsa, sai ya tarar masu sayarwa sun fi masu saye yawa nesa ba kusa ba. Ga kaya a hannu suna cin kuɗi, ga shi babu mai taya.

A daidai wannan hali ne waya kan yi ƙara. Mai magana ya ce shi dillali ne ko lauya, yana da attajirin da ke son kason nan, har ya taya da farashin da ya fi na kasuwa. Ya aiko da takardu masu tambari da sa hannu. Sai dai akwai ɗan abin da ya rage, wai harajin gwamnati, ko kuɗin rajista, wanda za a mayar wa mai kaso da zarar ciniki ya faɗa. Mutum ya biya. Bayan kwana biyu a ce wani ofishi ya tsare kuɗin, sai an ƙara kaza. Ya ƙara. Haka za a yi ta tatsarsa wata da watanni, kullum yana ganin saura ƙiris, har ya wayi gari ya biya abin da ya ninka darajar kason, mai saye kuwa daman babu shi.

A watan Yuli na 2024 Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka tare da hukumar bincike ta FBI suka fitar da gargaɗi ga bankuna game da wannan al'amari. Suka ce daga 2019 zuwa 2023 mutanen Amurka wajen 6,000 sun kai ƙarar an cuce su ta wannan hanya a kan gidajen hutu na ƙasar Meziko, asararsu kuwa ta kusa dala miliyan 300. Wannan na waɗanda suka kai ƙara ne kawai, ban da waɗanda kunya ta rufe wa baki. Suka kuma bayyana cewa wata ƙungiyar masu fataucin miyagun ƙwayoyi ta Jihar Jalisko tana cikin masu wannan aiki, da ofisoshi da ma'aikata masu jin Turanci da ke zaune suna buga waya tun safe har dare. Yawancin waɗanda aka cuta tsofaffi ne da suka gama aiki, abin da suka tara don tsufansu shi aka kwashe.

GONAR GADO ITA CE NAMU KASON

Mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Ajumawa ko Saidawa ko Fagwalawa da gidan hutu a bakin teku? Gidan kam ba mu da shi. Amma halin da ya jefa masu shi cikin tarko muna da shi, har ya yi yawa.

Ƙasar Ɗanbatta tana cikin yankin nan na kewayen Kano inda gona ke manne da gona, ba daji ba saura. A ƙidayar 2006 an sami mutum 207,968 a wannan ƙaramar hukuma mai faɗin murabba'in kilomita 732, watau fiye da mutum 280 ke nan a kowane murabba'i guda. Tun daga lokacin jama'a ƙaruwa su ke ta yi, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da ko taki ɗaya ba. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ashirin ke da haƙƙi a ciki. Waɗansunsu suna Kano, waɗansu suna Ikko ko Abuja ko Fatakwal wajen neman abinci, waɗansu mata ne da aure ya kai su wani gari. Kowanne yana da kaso a gonar da ba shi ke noma ta ba, wani ma ba zai iya nuna iyakar nasa ba, gama ba a raba ba tukuna.

Ranar da lalura ta taso, ko ciwo, ko auren 'ya, ko kuɗin makaranta, ko jarin da ya karye, sai mutum ya tuna da kason nan. Amma sayar da gonar gado abin kunya ne a wurinmu. Ba ya son 'yan'uwa su ji, ba ya son a ce a gari wane ya sayar da gonar ubansa. Saboda haka sai ya kauce wa mai unguwa da dillalan da suka san shi, ya ɗauki waya ya rubuta talla, ya sa hoto da lambarsa. Gaggawa ta haɗu da son ɓoyewa, su ne kuwa abu biyu da mazambaci ke nema ga mutum. Ba banza ba Hausawa suka ce mai son abinka ya fi ka dabara.

Bari mu kwatanta yadda abin kan tafi. A ce wani ya yi tallan fadamarsa kusa da madatsar ruwa ta Tomas, ko fulotinsa a gefen hanyar Kano zuwa Daura. Kafin magariba sai a kira shi. Mai kira yana da ladabi, ya iya sallama, ya iya addu'a. Ya ce shi wakilin wani Alhaji ne da ke zaune a Abuja ko Saudiyya, ko kuwa wani kamfani ne ke neman wurin kafa injin casar shinkafa. Bai nemi ragi ba, har ma ya ɗora a kan abin da aka sa. Bai ce zai zo ya ga wurin ba, wai maigidan ya gani a hoto ya yaba. Sai dai kamfani ba ya fitar da kuɗi sai an cika takardar neman ciniki, kuɗinta kaza. Bayan wannan sai na safiyo, sai na lauya, sai na wani jami'i da takarda ta maƙale a teburinsa. Kowanne ɗan kaɗan ne in an gwada shi da miliyoyin da a ke jira. Mutumin da ya fito sayar da gona don ya sami kuɗi, sai ga shi yana sayar da akuya yana cin bashi don ya biya mai saye.

Abin da ke riƙe mutum a wannan tarko, in ya biya sau ɗaya zuciyarsa ba ta son yarda an cuce shi. Gara ya ƙara biya ya ci gaba da sa rai, da ya tsaya ya karɓi asara. Macutan sun san haka sarai, shi ya sa su ke farawa da kaɗan.

WAƊANSU ƘOFOFIN DA SU KE SHIGOWA

Ba ta kafin alƙalami kaɗai a ke cin mai sayarwa ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin naira, mutanen karkara da yawa suka saba da karɓar kuɗi ta waya. Wannan ya buɗe ƙofar saƙon banki na jabu. Saƙo ya shigo da sunan bankinka, ya ce an zuba maka kaza, alhali ko kwabo bai shiga ba. Wani lokaci saƙon ya kan nuna fiye da kuɗin da aka yi ciniki, sai mai saye ya kira a gigice ya ce yaronsa ya yi kuskure, don Allah a mayar masa da rarar. Mai gaskiya ya mayar daga aljihunsa, daga baya ya je banki ya tarar da wayam.

Akwai kuma masu cewa a karanto musu lambobin da suka shigo waya yanzu, ko lambar sirri ta kati, wai don su iya turo kuɗi. Jama'a su sani, mai turo maka kuɗi ba ya bukatar kome sai lambar asusu da sunan banki. Lambar sirri makullin rumbunka ce. Banki da kansa ba ya tambayarta ta waya, balle baƙo.

Ta ƙarshe ita ce ta fi muni, gama gonar kanta a ke nema. Mai saye ya ce a turo masa hoton takardar mallaka da katin shaida don lauyansa ya duba. Da waɗannan hotuna sai ya je ya yi talla a wani wuri, ya zama shi ne mai gona, ya karɓi kuɗin wani bawan Allah ya ɓace. Ranar da za ka ga baƙo ya sauke bulo a fulotinka yana riƙe da takarda mai sunanka, ranar za ka fara zaryar kotu a kan abin da ba ka ci ba ba ka sha ba. Wanda ya taɓa zuwa Ikko ya ga gidaje da yawa an rubuta a jikin bango da manyan baƙaƙe cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Irin wannan cuta ce ta sa masu gidajen ɓata bangonsu da fenti.

ABIN DA SHARI'A DA DOKA SUKA TANADA

Magabata ba su bar cinikin ƙasa a sake ba. Ba a sayar da gona sai mai unguwa ya sani, dagaci ya ji, an kira maƙwabtan iyaka ta kowace fuska sun tsaya, an taka wurin da ƙafa, an rubuta takarda shaidu sun sa hannu. Alƙur'ani mai girma, a ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara, ya yi umurni da kafa shaidu idan an yi ciniki. Waɗansu samari suna ganin wannan duk ɓata lokaci ne. Amma a duba da kyau, kowane mataki a cikinsa yana tilasta wa mai saye ya fito fili a gan shi, abin da mazambaci ba zai taɓa yarda da shi ba ke nan.

Game da kason da ba a raba ba kuwa, fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da shi ya ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a. Ma'anarsa, idan ɗaya daga cikin magada ya sayar wa bare kasonsa na gona ko gida tun ba a raba ba, sauran abokan tarayya suna da ikon biyan wannan farashi su karɓe kason daga hannun baren. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda a ke karantawa a zaurukanmu, ya bayyana cewa wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, maƙwabci ba shi da shi, kuma wanda ke gari ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa shi. To, a nan akwai abin lura. Mai saye na gaskiya wanda ya san abin da ya ke yi ba zai zuba miliyoyi a kan kason da 'yan'uwa za su iya karɓewa gobe ba, sai ya ji ta bakinsu. Wanda ya ce maka kada ka gaya wa kowa, a gama da sauri, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Ta wajen dokar ƙasa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, abin da mutum ke da shi iznin zama ne da amfani. Wanda ke riƙe da satifiket na Gwamna ba ya mayar da shi ga wani sai da yardar Gwamna, wanda kuma ke riƙe da iznin gargajiya a karkara sai da amincewar ƙaramar hukuma. Gaskiya ne akwai kuɗin da a ke biya a wannan hanya, da wannan ne ma macuta ke fakewa. Amma kuɗin hukuma a asusun hukuma a ke zuba su, a ba da rasit, a ofishin da ke da ƙofa da kujera, kamar sashen ƙasa na sakatariyar ƙaramar hukuma ko hukumar KANGIS a Kano. Ba a tura su asusun wani mutum da ba ka taɓa gani ba. Kuma lokacinsu bayan an yi ciniki ne, mai saye ya bayyana, an san wanda za a mayar wa takarda.

Dokar hukunta masu zambar kafin alƙalami ta 2006 ta yanka wa mai wannan laifi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai wuce 20 ba, babu zaɓin tara. Sunan nan na 419 da kowa ya sani lambar wani sashe ne na tsohuwar dokar laifuffuka da ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar ƙarya. Doka kam akwai ta, da ƙarfinta. Amma sai an kama ɓarawo a ke ɗaure shi, kuɗin da suka bi ta asusu uku ko huɗu cikin sa'a guda kuwa da wuya su komo. Ko haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa da aka tilasta tun Disamba 2020 bai kashe abin ba, domin da layin sata da asusun aro su ke aiki.

MASU CEWA WAYA TA FI

Akwai masu wata magana wadda ya kamata a saurara. Suna cewa dillalan gari ma ba waliyyai ba ne. Su kan haɗa baki su karya farashi, su kan ɓoye ainihin abin da mai saye ya biya su ci tsakani, an kuma sha jin inda aka sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu da shaidu a kowace takarda. Suna cewa mace mai kaso a gonar ubanta, in ta bi ta hannun 'yan'uwa maza, sau da yawa sai su taya da abin da suka ga dama, ko su yi ta ja mata rai. Waya kuwa ta kan kai tallanta ga mutum dubu.

Wannan magana da gaskiya a cikinta, ba mu kuwa ce a jefar da waya ba. Talla a intanet halal ne, yana kuma iya kawo mai saye na kirki daga nesa da farashi mai kyau, har ya zama hujjar da mai rauni zai nuna wa danginsa ya ce ga abin da aka taya a waje. Abin da mu ke cewa, waya ta tsaya a matsayin sankira. Ta yi shela, ta kawo mutum. Amma ciniki kansa a yi shi a kan ƙasar da a ke sayarwa, ido na ganin ido. Dillalin gari in ya cuce ka, ka san gidansa, ka san surukansa, akwai Hakimi, akwai alƙali. Na cikin waya in ya kashe layi, wa za ka kai ƙara, a kuma ina?

SHAWARA GA MAI SAYARWA

Saboda haka duk mai niyyar sayar da gona ko fuloti ko kaso, ya fara da gida. Ya gaya wa abokan gadonsa, in da hali a raba a fitar masa da nasa a gaban alƙali ko malamin da ya san rabon gado, a kafa iyaka. Kunyar yini ɗaya ta fi asarar shekara goma sauƙi. Ya tambayi mutum biyu ko uku abin da irin wurinsa ke yi a wannan shekara, don in an taya shi da abin da ya wuce hankali ya gane ƙugiya ce aka sa wa nama. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

In ya yi talla, kada ya sa hoton takardunsa, kada kuma ya tura wa kowa. Mai son ganin takarda ya zo ya gani a hannu. Duk mai taya, amsa ɗaya ce za a ba shi, watau ya zo ko ya aiko wakili mai fuska, a taka wuri, a je gaban mai unguwa. La'adar dillali a yanka ta tun farko a gaban shaidu, a biya ta daga cikin kuɗin ciniki bayan sun shiga hannu. Ranar biya, in ta banki ce, a tafi bankin tare, ko a duba asusu a ga kuɗi sun zauna, kada a dogara da saƙo. Sai an tabbata sa'an nan a sa hannu a miƙa takarda. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da nasa mai karanta masa, kada ya dogara da na mai saye. Wanda ya ce yau ne kawai, gobe maigida zai tashi, a ce masa Allah ya kiyaye hanya. Gona ba tumatir ba ce da za ta ruɓe kafin jibi.

Wanda kuwa abin ya riga ya same shi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya garzaya bankinsa a ranar, ko Allah ya sa a tsare kuɗin kafin su fice. Ya adana lambobi da saƙonni da rasit, ya kai wa 'yan sanda ko ofishin hukumar EFCC da ke Kano. Ya kuma yi hattara da zuwa na biyu. A cikin gargaɗin nan na Amurka an bayyana cewa macutan kan komo wa wanda suka cuta da sabuwar murya, su ce su lauyoyi ne ko jami'an gwamnati da za su ƙwato masa dukiyarsa, in ya biya kuɗin aiki. Ba wata hukuma ta gaskiya da ke kiran mutum ta waya ta ce ya tura kuɗi kafin ta bi masa haƙƙinsa.

KIRA GA SHUGABANNI

Nauyin bai tsaya kan talaka kaɗai ba. Muna kira ga ƙaramar hukumar Ɗanbatta da maƙwabtanta irin su Makoɗa da su rubuta kuɗin kowace takardar ƙasa da Hausa, boko da ajami, su manna a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa. In kowa ya san abin da a ke biya da inda a ke biya, ƙaryar harajin boge ba za ta sami wurin shiga ba. Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su riƙe littafi guda na cinikin gonaki, su kuma sauƙaƙa abin da a ke ba su na shaida, gama tsadar hanyar gaskiya tana cikin abin da ke kora mutane zuwa hanyar duhu. Su kuma zama masu rufa asirin wanda lalura ta kawo gabansu, musamman mata da marayu, don kada tsoron tonon silili ya hana su zuwa.

Shugabannin dillalai su san 'ya'yan ƙungiyarsu, su fitar da ɓata-gari tun kafin su ɓata musu suna. Limamai su taɓo wannan magana a huɗubar Jumma'a, gidajen rediyo su maimaita ta, musamman da kaka da gabanin aikin Hajji, lokacin da kuɗi da gonaki suka fi sake hannu. Samarin da suka iya waya kuma su zauna da iyayensu su nuna musu yadda a ke duba asusu, su ja musu kunne game da lambar sirri.

Kuɗi in sun tafi a kan nemi waɗansu, amma a ƙasa irin tamu gonar da ta fita daga gida da wuya ta komo. In lalle sai an sayar, to, a sayar da rana tsaka, a gaban jama'a, kuɗi su shiga hannu cikakku su yi maganin lalurar da ta sa aka rabu da ita. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyashe mu da sharrin macuta, ya rufa mana asiri, ya sa albarka a cikin abin da iyaye suka bar mana, amin.